Yadda muka gina kiredit a Amurka ba tare da biyan kuɗin ruwa ba

Sabon zuwa, Ohayo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata na takwas ke nan a ƙasar nan. Makon jiya na je neman hayar ɗaki, mai gidan ya latsa kwamfuta ya ce ba ni da kiredit, wato tarihin cin bashi da biyansa, sai dai in kawo wanda zai tsaya mini ko in ninka kuɗin ajiya. Abin ya ɗaure mini kai, don ba wanda yake bina ko sisin kwabo. A Kano wannan abin yabo ne. An ce sai na karɓi katin bashi, ni kuwa riba nake tsoro. Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa, ku faɗa mana yadda kuka yi.

Direban tasi, Bronx: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ramin da ka faɗa, na kwana a cikinsa shekara huɗu. Komai da tsabar kuɗi nake yi, ina zubin adashi ban taɓa fashi ba, ina ganin na gama kare mutuncina. Ashe duk wannan amanar ba ta isa kunnen Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke ajiye tarihin bashin mutane. Katin cirar kuɗi na banki ma ba ya shiga lissafinsu. Ranar da na je sayen mota na gane haka, na fito jikina a sanyaye.

Wani dattijo a masallacinmu ne ya kama hannuna ya kai ni banki. Na ajiye dala 300 a matsayin jingina, suka ba ni kati mai iyakar dala 300. Kuɗin waya kawai nake biya da shi, in biya katin duka kowane wata. Ka yi haƙuri da farko, don FICO, kamfanin da ke auna kiredit ɗinka, ba ya fitar da maki sai asusunka ya kai wata shida. Makin yana tsakanin 300 da 850, kuma daga 670 ake cewa mai kyau ne. Bayan shekara guda suka mayar mini da jinginata.

Maman 'yan biyu, Houston: Sannu da zuwa ɗan uwa. Ni abin da ya wahalar da ni daban ne. Ban taɓa makara ba, duka nake biya, amma makin ya ƙi motsi, wani watan ma ya sauka. Katina iyakarsa dala 1,000 ce, ni kuwa cefane da man mota da kayan yara duk a kansa, kusan dala 800 kowane wata. Abin da ban sani ba shi ne, yawancin bankuna suna aika rahoton abin da ke kan katin ne a ranar da suka rufe lissafin wata, ba bayan ranar biya ba. Wato a idonsu kullum na cinye kashi 80 na abin da aka yarje mini, kamar wadda ta matsu. Yawan bashin da ke kanka kuwa shi ne kashi 30 cikin 100 na makin FICO.

Na buɗe takardar lissafin na nemo ranar rufewar, na riƙa biya kwana uku kafin ta, ina barin abin da bai kai dala 100 ba. Da takarda ta fito sai in share shi. Wata biyu na ga bambanci. Ana cewa kada ka wuce kashi 30 na iyakar katin, amma ni a ƙasa da 10 na ga amfani sosai.

Malami, Minnesota: Kan batun riba, Malam, malamai sun yi saɓani. Wasu sun hana katin gaba ɗaya saboda sharaɗin kuɗin ruwa da ke cikin yarjejeniyar, wasu sun yi rangwame ga mai buƙata muddin zai biya kafin ruwa ya hau. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Ni na bi na biyun, kuma ban taɓa biyan ko santi ɗaya na ruwa ba. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a aiko maka da lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Masu cewa sai ka bar ragowar bashi ana ɗora masa ruwa kafin maki ya hau, ba gaskiya suke faɗa ba. Amma ka kiyayi cirar tsabar kuɗi da katin, don ruwa yana fara hawa tun daga ranar. Tura kuɗi gida da shi ma sau da yawa haka ake lissafa shi. Ko kamfanonin sayen gida na Musulunci a nan sai sun duba kiredit ɗinka.

Yayanku a Atlanta: Nawa labarin har yau yana mini ciwo. Mahaifiyata ta rasu, na tafi Zariya na yi wata biyu. Dala 28 ce kacal a kan wani kati, na manta da ita. Idan makara ta kai kwana 30 banki na iya kai rahoto, kuma tabon yana zama shekara bakwai. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 na makin, babu abin da ya fi shi nauyi. Na dawo da zafin rashi na tarar da makin da na yi shekaru ina tarawa ya rikito. Tun daga ranar na sa banki ya riƙa cire kuɗin da kansa. Ka yi haka ranar da katin ya zo hannunka, don tafiyar gida ba ta sallama.

Ma'aikaciyar jinya, Bronx: Allah ya jiƙan Hajiya, Yaya. Ni katunan kantuna ne suka ja ni. Kowane kanti sai a ce buɗe kati a rage miki farashi, na nemi uku a wata ɗaya. Kowace nema ana rubuta ta a rahotonka har shekara biyu. Kuma kada ka rufe katinka na farko in ba a cajin ka kuɗin shekara.

Ɗalibi, Chicago: Ku riƙa duba rahotonku kyauta a AnnualCreditReport.com. Ni bashin wani mai irin sunana na gani a nawa, kun san yadda Muhammad da Abubakar suke da yawa. Na rubuta ƙorafi, doka ta ba su kwana 30 su bincika, suka cire.

Sabon zuwa, Ohayo: Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mamanmu. Na yi magana da limaminmu bayan Juma'a, ya ce in karɓa da sharaɗin biya duka. Litinin zan je banki da dala 200. Maman 'yan biyu, a wane gefen takardar ake rubuta ranar rufewar?