Wai "zafi" sifa ce ko suna?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah masana nahawu ku warware mini wannan. An ba 'yata aikin gida, jimloli goma, a ja layi a ƙarƙashin sifa. Tare muka zauna muka yi. Da muka zo kan "Rana tana da zafi", ni da bakina na ce ta ja layi a zafi, ko ɗar ban ji ba. Jiya ta dawo ta ɗora mini littafin a cinya, ido ya ciko da ƙwalla. Malamarsu ta soke wurin da jan biro, ta rubuta "suna" a gefe, kuma shi kaɗai ta faɗi cikin goman. Abin ya tsaya mini a rai, don ni na sa ta. Ba yanayin rana zafi yake faɗa ba? Ga "farar riga" a jimla ta gaba, an ba ta maki. To me ya raba fari da zafi?

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, malamar ta yi daidai, amma kuskuren ba naki ba ne ke kaɗai, na sha ganinsa har a takardun manyan ɗalibai. Ma'ana ce ta ruɗe ki, alhali aikin kalma a cikin jimla ake dubawa.

Sifa bin sunanta take yi sau da ƙafa: farin doki, farar riga, fararen kaya. Namiji, mace, jam'i, duk sai ta sauya. Yanzu gwada zafi. Idan kika ce "farin ruwa", ruwan kike nufi. Idan kika ce "zafin ruwa" kuwa, kin bar ruwan, kin koma maganar zafin da ke jikinsa. Sannan dubi jimlar kanta: tana da zafi, tana da littafi, tana da haƙuri. Abin da ake da shi, suna ne. Shi ya sa muke jingina shi da "mai", mu ce ruwa mai zafi.

Zafi yana da sifarsa: zazzafan ruwa, zazzafar rana, zafafan kalamai. Haka zurfi da zuzzurfa, daɗi da daddaɗa, kyau da kyakkyawa. Ga wani abin da nake so ƙwarai: zafafa ta "zafafan kalamai" sifa ce, amma ta "kada ki zafafa" aikatau ce. Rubutu ɗaya, sai dai a ta farko ana jan wasalin tsakiya.

Ɗalibin Harshe:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mama, ƙara da "fara". Riga fara, sifa. Fara ta sauka a gona, suna. Ya fara karatu, aikatau. A baki ba ma ruɗewa. Ta launi wasalinta na farko gajere ne, murya a sama duka. Ta ƙwaro a ja wasalin, murya ta taso daga ƙasa. Ta somawa ma a ja shi, amma murya ta sauko. Rubutunmu na yau da kullum ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Ƙamus irin na Bargery na 1934 yana nuna su.

Tsohon Malamin Hausa:
Madalla, ɗana. Kuma ita kanta fari takan zauna a gurbin suna: "fari ya fi baƙi saurin datti." Nan babu sunan da take bi.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, Allah ya saka da alheri, "zafin ruwa" ɗin nan shi ya buɗe mini ido. Bayan magariba na karanta mata, muka gwada nauyi da sanyi, duk suka fito suna. Sai ta yi shiru tana tauna murfin biro, can ta ce, "Umma, ke nan babba sifa ce, girma suna ne?" Na ce haka ne. Ta ce, "To 'yaro ya girma' fa?" Na ce ta rubuta a bayan littafin, gobe ta kai wa malamarsu da kanta.