Hoton MRI na Baba ya fito da baƙin tabo daidai wurin ƙarfen

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. An yi wa Baba aikin ƙashin baya a Masar, aka ɗaure masa gaɓoɓin ƙugu biyu da noti da sanduna. Yanzu ƙafarsa ta hagu ta koma sagewa, likita ya ce a yi MRI. Hoto ya fito, amma daidai inda ake son gani sai baƙin tabo kamar an zubar da tawada. Injin ne bai da kyau, ko kuɗinmu ne ya tafi a banza?

Malam Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Sana'ata ke nan, kuma laifin ƙarfen ne. MRI da maganaɗisu yake aiki, yana son ƙarfin maganaɗisun ya daidaita ko'ina a jiki. Ƙarfe yana karkatar da shi a kewayensa, sai wurin ya yi duhu ko ya murɗe. Amma ƙarfe suna ya tara. Sitenles ya fi kowanne ɓarna, na kobalt da kuromiyom ke bi masa, taitaniyom kuwa tabonsa kaɗan ne. Robar PEEK da ake cusawa tsakanin ƙashi da ƙashi kusan ba ta taɓa hoto. Ka nemo takardar da aka sallame ku da ita, a duba irin wanda aka saka.

Idan za a sake, kada ka ruɗu da injin tesla 3 don ya fi ƙarfi (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). In akwai ƙarfe, na 1.5 ya fi fitar da hoto mai tsabta. Ka tambaye su ko suna da tsarin rage tabon ƙarfe, irin MAVRIC a injin GE ko WARP a Siemens. In duk bai yi ba, akwai CT, wani irin hoton X-ray, da ake yi bayan an zuba ruwan da ke haska hoto a kewayen laka.

Hajiya Daurawa:
Ɗana, ni tsorona daban ne. Injin ba zai fizgo notin ba?

Malam Mai Hoto:
Hajiya, notin da ya kama ƙashi ba ya motsi, kuma taitaniyom maganaɗisu ba ya jansa. Abin da muke lura da shi ɗumin da ƙarfen kan iya ɗauka ne, shi ya sa muke neman takardar kafin mutum ya kwanta.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode, Malam. Takardar na wurin Yaya a Sabuwar Unguwa, bayan la'asar zan karɓo.