Neman kalma: me za mu kira rubuta sunan matashi a kundin zaɓe tun bai kai 18 ba?

Salamu alaikum ƴan uwa. Daren jiya a fadarmu ta shan shayi a unguwar Birni ta Damagaram wani ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya kawo wata magana da ta hana mu tashi har shayi na uku ya huce. Malaminsu ya ba su aiki kan abin da Faransawa ke kira préinscription a harkar zaɓe, yana son ya yi wa mahaifiyarmu bayani da Hausa sai ya rasa kalma, mu ma duk muka rasa.

Ga abin da ake nufi. A Amurka shekarun zaɓe 18 ne tun 1971, amma jihohi irin su Kalifoniya da Kolorado da Fulorida sun yarda yaro mai shekara 16 ya rubuta sunansa a ajiye, ba zai jefa ƙuri'a ba, sai ranar da ya cika 18 sunan ya shiga kundin masu zaɓe ba sai ya sake komawa ba. Faransa ma tana da mai kama da haka, matashi yana zuwa ƙidaya a ma'aikatar magajin gari in ya kai 16, da ya cika 18 sai a sa shi a kundi kai tsaye. Wannan daban yake da na Ostiriya inda tun 2007 mai 16 yake jefa ƙuri'a da kansa. To kalmar da muke nema dole ta faɗi abu biyu, an rubuta suna, kuma lokaci bai yi ba tukuna.

Na farko da ya yi magana cewa ya yi riga-kafi. Nan take muka ƙi, duk uwar da ta ji riga-kafi allurar yara za ta tuna. Wani ya ce kafin alƙalami, ni kam na tsaya kai da fata a kan a'a, kalmar kuɗi ce, kuma mun san abin da kuɗi suke yi wa zaɓe, bai kamata yaro ya fara jin maganar ƙuri'a da warin ciniki a jikinta ba. Rajistar share fage ta yi daɗin ji irin ta rediyo, sai dai ba ta gaya maka wa ake share wa fagen.

Sai Kawu da ke zaune gefe a kan tabarmarsa yana ja carbi ya ce, ku yara ai binne ke nan. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya taɓa noma a Damagaram ya san binne, ka bi gona tana busasshiya ƙurmus, ka sara, ka zuba ƙwayar hatsi, ka rufe da diddige, ka koma gida kana duban gabas, ranar da ruwa ya sauka shuka ta tashi da kanta kai kana barci. Ma'anar ta zauna daram, babu inda ta goce. Na ce Kawu Allah ya ƙara girma, amma ku duba, in muka ce wa uwa a kawo sunan ɗanta a binne, me za ta ji? Ya yi shiru ya ce haka ne, baki ba ya kiran wannan a kan yaro. Har yanzu ina jin zafin rasa kalmar nan, a wajen yi wa manoma bayani dai zan riƙa kawo ta a matsayin misali.

Daga nan ƙanwata da ke zuba mana ruwa ta ce kamun layi, kamar yadda muke jera bido a bakin pampo tun asuba lokacin zafi, ruwan bai zo ba amma kowa ya san wurinsa. Ita ma ta kusa, matsalarta mutum zai ɗauka layin ranar zaɓe ake nufi, har ya zaci wanda ya riga rubuta suna shi zai riga jefawa.

Inda ni na tsaya shi ne rajistar jira, in ana son cikakke a takarda a ce rajistar jiran cika shekara. Ku gwada ta a baki. Na yi rajistar jira. Yaron nan yana cikin masu jira, baɗi zai cika. Mahaifiyarmu da ba ta yi lakkol ba ta gane tun kafin ƙanena ya rufe baki, tambayar da ta yi kawai ita ce to wanda ba shi da takardar haihuwa fa, da me za a san ya cika? Tambaya ce mai nauyi, kun tuna kafin zaɓen Disamba 2020 sai da aka bi gari gari ana yi wa mutane takardun.

Tun da a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, irin waɗannan kalmomi za su yi ta zuwa mana, kuma na fi son su fito daga bakin masu magana. Mutanen Mirya da Magarya da Matamai, da ƴan uwa na Daura da Kano, in a wajenku jira tana da wata ma'ana da za ta ɓata wannan ku faɗa mini kafin ƙanena ya miƙa aikinsa ranar Litinin.