Waɗanda suka yi dashen gashi, don Allah ku ba mu labari

Abban Hanan: Salam ƴan uwa. Sanƙo ya cinye min gaba yana neman tsakiyar kai, kuma kullum sai na ga tallan asibitocin Istanbul a Instagram. Wanda ya yi da kansa nake so ya yi magana, ba wanda ya ji an ce ba.

Ɗan Kwari: Ni na yi irin dashen da ake kira FUE a Turkiyya. Za su aske ka tal, su yi maka allurar kashe zafi a ƙeya, wallahi wannan allurar ce kawai wahalar, bayan ita kana kwance kana jin ƙarar ɗan injin yana ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya, kowace saiwa da gashi 1 zuwa 4 a jikinta, sai su tsaga ƴan ramuka a gaba su dasa, tun safe har bayan la'asar. Abin da ba a faɗa a talla shi ne a wata na farko kusan duk gashin da aka dasa zai zube, ni har na ce kuɗina sun tafi, ashe saiwar na nan, sai wajen wata 4 ya fara tsirowa kuma sai ka shekara za ka ga ainihin aikin.

Malam Sabo Zariya: Ɗan Kwari ka yi sa'a. Gashinmu ba irin na Turawa da Larabawa ba ne, yadda yake a murɗe a waje haka saiwarsa take a lanƙwashe a cikin fata, in mai aikin bai saba da shi ba injin sai ya dinga yanke saiwar biyu. Haka aka yi min a wani asibiti can, likitan sau ɗaya na gan shi ya zana min layin goshi da biro ya fita, yara ma'aikata suka yi sauran, yanzu ƙeyata duk ɗigo-ɗigon fari, gaban kuma tsilli-tsilli. Kuma ƙeyar nan ita ce jarinka, abin da aka cire ba ya dawowa. Kafin ka ba su ko sisi ka ce su nuna maka hotunan baƙar fata da suka yi wa aiki shekara ɗaya baya, kuma su faɗa maka wa zai riƙe injin.

Ummu Sultan: Mata ma muna ciki fa. Ni kitso mai tsauri da ƙarin gashi suka cinye min gefen goshi, likitar fata a Abuja ta ce in bar jan gashin tukuna in shafa maganin tsiro da gashi minoxidil na wasu watanni, inda ya ƙi dawowa nan ne za a dasa. Irin dashen da ake kira FUT aka yi min saboda ba na son a aske ni, sun yanko siririyar fata a ƙeya suka ɗinke, layin tabon gashi ya rufe shi. Amma mai yawan aski ƙasa-ƙasa irin ku maza zai fito fili.

Dakta Bash: Ba likitan dashe ba ne ni, amma na raka ƙanina kuma aka ƙi yi masa. Yana da ƙurajen nan na ƙeya masu tauri da aski ke tayarwa, kuma in ya ji ciwo tabonsa kumbura yake yi ya yi tudu, likitan ya ce mai irin wannan fatar sai an yi gwaji a ɗan ƙaramin wuri tukuna. Sannan dashe ba ya tsayar da sanƙo, tsohon gashin da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da zuba, shi ya sa suke rubuta maganin rage zubar gashi finasteride, shi kuma wasu yana rage musu sha'awa, kada a sha sai da likita.

Abban Hanan: To sallah fa da hula?

Ɗan Kwari: Kwanakin farko goshi na kumbura har ya sauko ido, sun ce kada in sunkuya, a kujera na yi sallah da nuni, barci kuma a kishingiɗe da filo biyu. Hula sai da ɓawon ya gama faɗuwa, kwana 10 zuwa sati 2, ita ma mai sako-sako, zanna bukar ɗina mai kama kai ta daɗe a ajiye. Kada ka sa ranar kusa da biki ko Idi.

Malam Sabo Zariya: Batun halacci kuma na tambaya kafin na tafi, aka kawo min fatawar Shaikh Ibn Usaimin cewa gusar da aibi ne ba canja halitta ba. Irin dashen da ake kira DHI da suke ƙara wa kuɗi kuwa cirowar iri ɗaya ce da FUE, wajen dasawa ne kawai suke amfani da wani alƙalami, kada sunan ya ruɗe ka.