Musayar waƙa: kujerar York South, tun daga 1926 har ranar da aka shafe ta

Ɗan Weston Road:

Salamu alaikum masu alƙalami. Yau ni ne da maudu'i kuma daga unguwar da nake zaune na ɗauko shi, nan yammacin Toronto a lardin Ontario na Kanada. Kullum in zan tafi aiki sai bas ta bi da ni ta Mount Dennis inda masana'antar Kodak take a da, to wannan yankin da can mazaɓa ce ta majalisar lardi ana ce mata York South, an buɗe ta 1926 aka shafe ta 1999, kuma shugabanni uku na jam'iyyar ma'aikata duk a nan suka riƙe kujera, wato CCF wadda ta koma NDP a 1961. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi aiki a Kodak har yau katin jam'iyya na cikin walat ɗinsa, ya yi laushi gefensa duk ya cinye, shi ya sa ni wannan waƙa. Bismillah:

Da sunan Allah zan buɗe baitina,
Kan York South, gidan leburori tun jiya.

Unguwar masu tashi tun da asuba,
Su nufi masana'anta ba batun gajiya.

Shekara 17 tana hannun 'yan ra'ayin riƙau,
Macaulay ne ke riƙe da ita gaba ɗaya.

A 1943 Ted Jolliffe ya shigo,
Lauya ne amma da talaka ya tsaya.

Kujera 34 CCF ta kwasa a lardi,
Drew na 'yan riƙau da 38 ya haye da wuya.

Tun ran nan gidan na ma'aikata ne,
Mai ja ya fito, ga fili ga gaskiya.

Gwaggon Baitoci:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Amma fa ka tsallake rami, ai mutanen nan sau biyu suna kayar da Jolliffe ɗin naka. A 1945 ana dab da zaɓe ya hau rediyo ya zargi Firimiya George Drew, shugaban gwamnatin lardi, da ajiye 'yan sandan asiri masu bibiyar 'yan adawa, har ya kira su Gestapo, aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a LeBel amma kafin ta ce uffan an riga an jefa ƙuri'a. Karɓi naka:

Ɗana na ji baitinka ya ratsa ni,
Amma akwai gurbin da ka ƙi taɓawa.

Jolliffen da kake yabo, shekara biyu tak,
Akwatin York South ya ba shi faɗuwa.

Ya ce Drew na da 'yan leƙen asiri,
Jama'a sun ji amma ba gaskatawa.

34 ta koma 8 a dare guda,
Howard Sale na shiga, Jolliffe na fitowa.

1948 suka ce dawo mun huce,
1951 William Beech ya yi ƙwacewa.

To ina gidan gado a nan ɗana?
Haya ce suka ba shi mai ƙarewa.

Malam Mai Allo:

Gwaggo barka da war haka, ƙanena sannu da ƙoƙari. Ku ba ni wuri in sa baki da ƙwar huɗu, don duk kun bar mutumin da ya fi kowa daɗewa a kujerar nan, Donald C. MacDonald, tsohon ɗan jarida kuma tsohon sojan ruwa.

Gwaggo na rusuna ki ba ni dama,
Hayar da kika ce ai ta koma zama,
Tun da MacDonald ya zo ya kama,
Shekara 27 ba a sauya hannu ba.

Ya karɓi jam'iyya ba shi da kujera,
1953, biyu kacal suka yi saura,
1955 York South ta ce mu fara,
Ba ta sake juya masa baya ba.

Zaɓe takwas, kowanne sun ba shi,
'Yan riƙau na mulki ba su iya da shi,
Bai taɓa minista ba suna dai son shi,
Ba don kwangila suka bi shi ba.

Wallahi wannan ne abin da ya fi tsaya min a rai, mutum ya shiga majalisa su uku rak a jam'iyyarsa, ya yi ta fama har 1967 suka kai 20, ya sauka daga shugabanci a 1970 ya bar wa Stephen Lewis amma mazaɓa ba ta sake shi ba sai da ya ƙara shekara 12 a kai, kuma duk tsawon nan yana ɓangaren adawa ba shi da abin rabawa, sai dai ya tashi a zauren majalisar lardi da ke Queen's Park ya yi magana da bakinsu.

'Yar Hamilton:

Malam a gafarce ni, ni ƙarama ce a cikinku amma zan ɗora, don ɓangaren da ya rage shi ne mai ɗaci kuma har yau in ka ce "Rae Days", wato kwanakin hutun dole ba albashi na zamanin Firimiya Bob Rae, a gaban tsofaffin ma'aikatan gwamnati a nan sai ka ga fuska ta canza.

Malam ka tsaya a inuwa ka huta,
Ni zan shiga rana in ƙarasa ta.

MacDonald ya sauka don Bob Rae ya hau,
1982 jama'a suka sa hannu a kanta.

1985 ya haɗa kai da David Peterson na Libral,
Shekara 42 ta 'yan riƙau suka katse ta.

1990 ga ɗan York South ya zama Firimiya,
74 cikin 130, wa ya taɓa ganin irinta?

Sai kasuwa ta faɗi, baitulmali ya rame,
Kwana 12 ba albashi, ma'aikaci je ka huta.

Ƙungiyoyin ƙwadago da suka goya shi,
Suka ce ɗan gida ne ya yi mana cuta.

1995 lardi ya juya, saura 17,
Amma York South ta sake rungume ɗanta.

Dokar nan ta kwana 12 ba albashi ta 1993 ce, shi Rae yana ganin gara a rage kwanaki da a kori mutane daga aiki, su kuma 'yan ƙwadago abin da ya ƙona musu rai shi ne an buɗe yarjejeniyar albashin da aka riga aka sa wa hannu, kuma gwamnatin da suka ɗauka tasu ce ta yi. Ni dai ina ganin kowanne yana da hujja amma ciwon na ma'aikata ne.

Ɗan Weston Road:

Yauwa ƙanwata, kin gama min aiki. Gwaggo kin ji ko?

Ran da lardi kaf ya bi Mike Harris na 'yan riƙau,
Unguwarmu ta ƙi, ta tsaya ita ɗaya.

Shekara 41 ba a fasa ba Gwaggo,
In wannan haya ce, ina mai gidan ya ɓuya?

Gwaggon Baitoci:

Ita ɗaya kuma ɗana? Ai 17 aka ce maka, akwai wasu 16 da suka tsaya. Kuma mai gidan bai ɓuya ba, yana nan a layin jefa ƙuri'a, jira shekara ɗaya ka gani.

Rae ya ajiye kujera a 1996,
Zaɓen cike gurbi ya zo da girgizawa.

Gerard Kennedy mai rumbun Daily Bread,
Shekaru yana ciyar da masu yunwa.

Libral ba ta taɓa cin York South ba,
Ran nan ta ci, NDP na kallo da idanuwa.

David Miller ne ya sha kaye a ranar,
Shi ne magajin garin Toronto mai zuwa.

Sun ga wanda ya san tukunyarsu ɗana,
Launin tuta bai hana su zaɓa ba kuwa.

Malam Mai Allo:

Gwaggo ta yi gaskiya a nan, Miller sai 2003 ya zama magajin gari. Saura wanda zai rufe, ƙanena kai ka buɗe.

Ɗan Weston Road:

Na karɓi gyara Gwaggo, 17 ne, Allah ya ƙara girma. Abin da ya rage ba akwati ne ya yanke shi ba, gwamnatin Harris ce ta yi doka a 1996 ta rage kujerun majalisa daga 130 zuwa 103 don iyakokin mazaɓun lardi su bi na tarayya, da zaɓen 1999 ya zo babu York South a takarda, Kennedy ya koma Parkdale-High Park ya ci a can, mu kuma nan muka faɗa York South-Weston inda Joe Cordiano na Libral ya ɗauka.

Ba ƙuri'a ce ta kashe York South ba,
Alƙalami ne ya ja layi a taswira ɗaya.

Shekara 73 tana aika wakili,
Aka raba ta, kowa ya kama hanya.

Jiya na karanta wa dattijo baitocinku,
Ya zaro katin nan ya shafa shi a zuciya.

Ya ce sau takwas MacDonald ya tsaya,
Biyar na ƙarshe da hannuna na jefa, ɗaya bayan ɗaya.