Zuwa Nuwakshot saro laffaya: ta ƙasa ko ta sama?

Mai Laffaya ta Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina sayar da laffaya da turaren wuta a nan Tawa, kuma kayana daga hannun dillalan Babbar Kasuwar Yamai nake saro su, su kuma daga Muritaniya ake kawo musu. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 na daina zuwa Kwatano, jarin da nake juyawa a can ya zauna ba ya aiki. Maigidana ya amince in je Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, cikin watan Disamba tare da ƙanena, in ga kasuwa da idona, in ƙulla hulɗa da masu rini. Abin da ke hannuna miliyan biyu ne na sefa, a ciki za a cire kuɗin hanya da masauki, sauran ya zama jari. Ba yawon buɗe ido zan je ba. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini hanyar da ta fi, da inda mace za ta sauka hankali kwance, da yadda ake canjin kuɗi.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin zaɓi ƙasar da mutanenmu suka manta da ita, alhali tana cikin ƙasashen da suka fi kama da tamu ta wajen addini da sahara da shan shayi. Kada ki dawo ba ki je Shingiti ba, garin da manyan malaman da ake kira Shanƙiɗi suke jingina sunansu gare shi. Akwai gidajen da suke ajiye da littattafan da aka rubuta da hannu tun ƙarnoni da suka wuce, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya tare da Wadan da Tishit da Walata. Idan ƙanenki mai juriya ne ya hau jirgin ƙasan da ke jigilar tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tafiyar kilomita 704, wanda yake cikin jiragen ƙasa mafiya tsawo a duniya.

Alhaji Mai Goro:
Malam, baiwar Allah ta ce kasuwa za ta je. Hajiya, ni ta ƙasa na bi a 2016: daga Yamai zuwa Wagadugu, Bobo, Bamako, sai Niyoro, muka shiga ta iyakar Gogi, muka bi Ayun da Kifa har Nuwakshot. Akwai gajiya, amma kuɗin mota bai kai jika ɗari ba. Abin da ya fara ba ni mamaki da na isa shi ne yadda rairayi yake shigowa har tsakiyar birni, ga teku a gefe guda, ga awaki suna yawo a unguwannin masu kuɗi. Mutanen ba su da hayaniya, kuma ɗan kasuwa ba ya fara ciniki da baƙo sai an sha shayi kofi uku. Na sauka a wani masauki mai tsafta kusa da kasuwar Kapital, dubu goma a kwana na kuɗinsu da ake kira ugiya.

Ɗiyar Arewa:
Alhaji, ina neman afuwa, amma wannan farashin zai firgita Hajiya. Ni bara na je, ɗaki mai kyau da makewayi a ciki ugiya dubu ɗaya na biya a kwana. Dubu goma ai kuɗin babban otel ne.

Alhaji Mai Goro:
Ƴata, ba zan yi ƙarya a kan abin da na ƙirga da hannuna ba. Dubu goma na biya, kuma ba babban otel ba ne.

Ma'aikacin Banki:
Ku duka biyu gaskiya kuka faɗa, kuɗin ne ya canza tsakanin tafiyarku. Ranar 1 ga Janairun 2018 Muritaniya ta cire sifiri ɗaya daga kuɗinta, ugiya goma ta da ta koma ugiya ɗaya. Dubu goman Alhaji ita ce dubu ɗayan Ɗiyar Arewa, wajen jika sha biyar namu. Hajiya, wannan shi ne abin da za ki fi kiyayewa, domin har yanzu ƴan kasuwa da masu tasi da yawa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Duk wanda ya gaya miki kuɗin kaya, ki sa ya rubuta ko ya nuna miki a waya, ki tambaye shi tsohuwa ce ko sabuwa. Sefa tana canzuwa a wajen ƴan canji na kasuwa, amma ki fara canza kaɗan ki gwada wurare biyu kafin ki fito da jarinki.

Ɗan Gamkalle:
Ina karanta maganganunku raina yana ɓaci, domin Muritaniyar da kuke yabo ba ita na gani ba. Na je neman aikin gini a Nuwakshot, na samu, ina aika wa mahaifiyata abin da ya sawwaƙa. Wata safiya muna hanyar zuwa aiki wasu jami'ai suka tare mu, suka ware baƙi gefe guda. Na nuna fasfona, suka ce katin zama suke so, ni kuwa na daɗe ina bin layin katin ban samu ba. Ba su bar ni na koma ɗakina na ɗauki kayana ba, albashina na wata biyu yana hannun mai aikin har yau. Aka tara mu a wani wuri da mutanen Mali da Gini da Sanagal, wasu da ƴaƴansu ƙanana, sannan aka kai mu Roso da ke kan iyakar Sanagal aka tsallakar da mu kogi zuwa ƙasar da ba tawa ba, ba ko dala a aljihuna. Wani Bahaushe mai gasa nama a can ne ya ciyar da ni har ƴan uwa suka aiko mini da kuɗin mota. Hajiya, ke uwa ce a wurina, ina gaya miki tsakanina da Allah kada ki kai ƙanenki can. Saurayi baƙar fata da ba ya jin Larabcinsu, kallon mai shirin shiga kwalekwale zuwa Sifaniya ake yi masa.

Ɗiyar Arewa:
Allah ya mayar maka da alheri, ɗan uwa. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, musamman tun da ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Turai a watan Maris na 2024 kan hana bakin haure tsallakawa tsibiran Kanari na Sifaniya. Sai dai kai zama ka yi kana aiki, Hajiya kuwa baƙuwa ce mai tikitin dawowa. Ni ba wanda ya tsare ni ko sau ɗaya.

Ɗan Gamkalle:
Ke mace ce, kin naɗa laffaya kin saje da su. Ƙanenta fa? Wanda ya sauka daga jirgi ya shiga otel ba zai koya mini halin ƙasar da na yi dako a cikinta ba.

Malamin Tarihi:
Ni taro na halarta a can, lokacin da ƙasarmu take cikin ƙungiyar G5 Sahel wadda aka kafa a Nuwakshot a 2014, kuma an karrama mu matuƙa.

Alhaji Mai Goro:
Malam, wanda aka tarba a filin jirgi da mota aka biya masa ɗaki bai san farashin komai ba. A irin wannan magana ɗan kasuwa ake tambaya.

Ma'aikacin Banki:
Alhaji, da girmamawa, hanyar da ka bi a 2016 ba ita ce ta yau ba. Tsakanin Yamai da iyakar Burkina kowa ya san halin da ake ciki, kuma tun watan Satumban 2025 masu ɗauke da makamai suka matsa wa hanyoyin Kayes da Niyoro a Mali har suna ƙona motocin mai. Ba zan ba mace mai ƴaƴa shawarar ta bi nan da jari a jikinta ba, ko da kyauta ne.

Bagobirin Madawa:
Ku bar Hajiya ta tafi da Bazabarme ɗaya cikin kayanta. Idan an tsare su a hanya ta bayar da shi jingina, na tabbata kafin magariba za su dawo mata da shi har da kuɗin mota, saboda ba za su iya ciyar da shi ba.

Ɗan Gamkalle:
Ubangidanka ne Bazabarme, Bagobiri, ko a Roso na fi ka daraja. Ka sa na yi dariya, amma maganata tana nan.

Ɗiyar Arewa:
Hajiya, ga abin da na gani game da kaya. A kasuwar Kapital da ta Sankiyem za ki sami laffaya iri iri. Akwai ta kanti da ake shigowa da ita daga waje, mai araha, wadda ko a Yamai akwai ta, ba ita ce za ta biya miki kuɗin jirgi ba. Ribar tana ga wadda mata suke ɗaurewa da zare su rina da hannu, kuma garin Kayedi da ke bakin kogin Sanagal ya yi suna a wannan rini. Ki jiƙa gefen ɗaya ki murza a farin ƙyalle kafin ki sayi da yawa, domin wata tana zuba. Ki riƙe fasfo da katin allurar shawara a jikinku ko'ina, ki kuma ɗauki rigar sanyi, iskar teku ta Disamba da dare ba ta da sauƙi. Da Faransanci ana ciniki, wanda ya iya Larabci ko Fulatanci kuma ya fi samun sauƙi. Ni jirgin sama na hau ta Kasablanka ta Maroko, tikitin zuwa da dawowa ya ci mini wajen jika ɗari biyar.

Alhaji Mai Goro:
Jika ɗari biyar? Ɗan ƙanena ya tambaya kwanan nan aka ce masa ya haura ɗari bakwai.

Mai Laffaya ta Tawa:
Na gode muku duka, kuma Ɗan Gamkalle, labarinka ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Idan tikiti ya kai haka, mu biyu mun cinye fiye da rabin kuɗin tun ba mu taɓa kaya ba, kuma maigidana ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Har yanzu ba a gaya mini unguwar da zan sauka ba, ko yadda ake aiko da kaya zuwa Yamai idan sun fi nauyin da jirgi yake yarda da shi.

Direban Konni:
Hajiya, abin da ya kamata a yi kuka a kansa ke nan. Mali kaɗai ce tsakaninmu da Muritaniya, amma sai mutum ya tashi zuwa Maroko, ya kwana a kan kujerar filin jirgi, sannan ya sake gangarowa kudu. Lokacin da Air Afrique take aiki, kafin ta durƙushe a 2002, manyan biranenmu suna haɗe da juna. Yau zuwa maƙwabta ya fi zuwa Turai wahala. Ni da nake tuƙa babbar mota na san abin da ake karɓa a kowane shinge, takardunka cikakku ne ko ba cikakku ba, kuma duk wannan kuɗin a kan farashin laffayar da matanmu suke saye yake ƙarewa.

Ma'aikacin Banki:
Muritaniya ta bar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, tun 2000, mu ma mun bar ta a watan Janairun 2025, saboda haka sai Hajiya ta tabbatar da takardun da ake nema a yanzu kafin ta biya kuɗin tikiti.

Direban Konni:
Ko muna ciki ko muna waje, shingen bai taɓa raguwa ba. Daga Konni zuwa Yamai kaɗai, cikin ƙasarmu, ku tambayi duk mai ɗaukar albasa sau nawa yake tsayawa, kuma nawa yake ajiyewa kafin a ɗaga masa igiya. Makon jiya an riƙe ni tun hantsi har la'asar a kan takardar da ke hannuna, albasa tana zufa cikin buhu, mai kaya yana kirana daga kasuwar Katako ta Yamai yana tambaya ko na sayar masa da ita ne a hanya.