Neman Hausar "redacted": an goge ne, an tace, ko an sakaya?

Jama'a, salamu alaikum. Yau roƙo na zo yi wajen masu harshe. Tun da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fara sakin takardun Jeffrey Epstein nake kokawa da kalma ɗaya, jiya kuwa saura ƙiris ta ba ni kunya a wurin aiki. Na rubuta "an goge sunaye da yawa a cikin takardun". Babban editanmu ya dawo mini da takardar, ya ja layi a ƙarƙashin "goge", ya rubuta a gefe da jan biro: wa ya gaya maka an goge? Na so in yi musu, na duba na ga ba ni da bakin magana. Kalmar Turancin ita ce redacted.

Ga yadda abin yake ga wanda bai buɗe takardun ya gani ba. Za ka ga wasiƙar imel, a sama an rubuta daga Epstein take, kwanan wata yana nan, amma a wurin sunan wanda aka aika wa sai ka tarar da baƙin layi mai kauri kamar an manna guntun gawayi. Ka ci gaba da karatu, jimla tana tafiya lafiya, sai ta faɗa cikin wani baƙin, ta ɓullo ta ɗaya gefen ta ƙarasa. Tsawon baƙin daidai yake da tsawon abin da ke ƙarƙashinsa, har wasu kan zauna suna ƙirga harufa nawa za su shiga wurin. Ainihin takardar kuwa tana hannun hukuma da komai nata cikakke. Abin da aka ba jama'a ne kawai aka yi wa haka.

A taƙaice ga wanda labarin ya wuce shi: Epstein mai juya dukiyar attajirai ne, ya yi hulɗa da shugabanni da 'yan sarauta da manyan malaman jami'a. A 2008 ya amsa laifin neman lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru a jihar Florida, ya yi kusan wata 13 a tsare, kuma ana barinsa ya fita ofis da rana ya dawo ya kwana. An sake kama shi a watan Yulin 2019 kan safarar 'yan mata, aka tsinci gawarsa a gidan yari a New York ranar 10 ga Agusta, likitan hukuma ya ce shi ya kashe kansa. Abokiyar harkarsa Ghislaine Maxwell tana zaman shekara 20. A Nuwamban 2025 Majalisar Wakilai ta zartar da dokar da ta tilasta sakin takardun da ƙuri'a 427, mutum 1 tak ya ƙi, Trump ya sa hannu, aka ba ma'aikatar kwana 30.

To ku kawo abin da kuke da shi. Sharaɗina biyu ne: kalmar ta nuna cewa abin yana nan bai ɓace ba, kuma kada ta yanke wa mai yin aikin hukunci tun kafin a ji dalilinsa.

Madalla, amsoshi sun fara shigowa. "Gogewa" da "sharewa" na riga na sha duka a kansu, a bar su. Wanda ya goge allo ba ya da abin da zai nuna maka gobe. "Sokewa" ma ba ta yi ba, don idan ka soke layi a takarda kana cewa ne maganar ba ta da amfani yanzu, alhali a nan sau da yawa abin da aka rufe shi ne ya fi komai amfani.

Mutum huɗu ko biyar sun ce "tacewa". Na gane dalilinku, kunnenmu ya saba da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano. Amma ku tuna yadda ake tace koko: abin da ya rage a rariya dusa ce, zubarwa ake yi ko a ba dabbobi, abin da ya sauka shi ne mai kyau. Fim ɗin da aka tace kuma an yanke wurin an haɗe bakin, mai kallo ba zai san an taɓa cire komai ba. In na ce "tatattun takardu", mai sauraro a Gusau zai ɗauka an cire ƙarya an bar zallar gaskiya. Wannan yabo ne ga ma'aikatar, kuma ba aikina ba ne in yabe ta a kan abin da ban gani ba.

Wani ɗan'uwa ya ce tunda baƙi ake sawa, a ce "an baƙanta sunayen". Ɗan'uwa, ka ba ni dariya. Baƙanta suna ai ɓata shi ne. Waɗanda aka rufe nasu da baƙi su ne ma sunansu ya tsira.

Wata Hajiya daga Damagaram ta ja hankalina ga tarkon da ke jiran 'yan'uwanmu na Nijar. A Faransanci rédaction na nufin rubutawa, ko ɗakin da 'yan jarida ke tsara labarai, don haka wanda ya yi boko a can yana iya karanta redacted ya fahimci "an tsara". Tushen kalmomin biyu ɗaya ne daga Latin, kuma a tsohon Turanci ma ma'anarta shirya rubutu don bugawa. Ta ce abin da Faransawa ke cewa shi ne caviarder, daga kabiya, baƙin ƙwan kifin nan mai tsada, saboda yadda masu binciken littattafai na sarakunan Rasha ke shafe layuka da baƙar tawada. Na gode ƙwarai, Hajiya. Su sun duba kamannin abin suka raɗa masa suna. Mu ma za mu iya, ga "shafewa" da "yaɓewa" an kawo, zan dawo kansu.

"Ɓoyewa" ita ce ta fi samun magoya baya, kuma ita na fi daɗewa ina juyawa. Matsalarta biyu. Wanda ya ɓoye abu ba ya so ka san akwai shi, shi kuwa baƙin layin nan shela yake yi cewa ga abu a nan amma ba za ka gani ba. Na biyu, ɓoyewa tana da ƙanshin rashin gaskiya. Dokar da aka zartar ta yarda a rufe sunaye da bayanan matan da aka zalunta, da hotunan cin zarafin yara, da abin da zai lalata binciken da ake kan yi. Ta kuma hana ƙarara a rufe wani abu don kawai zai kunyata wani jami'i ko wani babba, ko zai ɓata masa suna, ko zai tayar da ƙurar siyasa. Ke nan baƙin layi iri biyu ne a takardun nan, na halas da wanda ake zargi, kuma a ido kamarsu ɗaya. In na ce an ɓoye sunan yarinyar da aka lalata wa rayuwa tana 'yar shekara 14, na mayar da kariyarta laifi. In kuma na ɗauki "rufin asiri" da wata 'yar'uwa ta kawo, na yi wa attajirin da ake zargin an kare shi addu'a ke nan, don mu rufin asiri alheri muke nufi da shi.

Bari in ba ku misalin da ya sa nake taurin kai a kan wannan. Ranar 12 ga Nuwamban 2025 'yan Democrat na kwamitin sa ido na Majalisar Wakilai suka fitar da wata imel ta 2011 da Epstein ya aika wa Maxwell. A ciki ya kira Trump karen da bai yi haushi ba, ya ce wata ta shafe sa'o'i tare da Trump a gidan shi Epstein ɗin. Sun rufe sunan matar suka rubuta cewa ɗaya ce daga waɗanda aka zalunta. Ba a jima ba Fadar White House ta ce matar Virginia Giuffre ce, wadda ta rasu a watan Afrilun shekarar, kuma a rayuwarta ba ta zargi Trump da aikata mata komai ba. Ɓangare ɗaya ya ce ƙa'idar kare waɗanda aka zalunta suka bi, ɗaya ɓangaren ya ce da gangan aka rufe don a bar mutane su yi mummunan zato. Layi ɗaya, fassara biyu. Kalmar da zan sa a labari tilas ta iya tsayawa a tsakiyar waɗannan biyun ba ta jingina da kowa ba.

Bayan la'asar wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce, yaro, kuna neman abin da ke aljihunku. Shekara nawa kuna karanta "wani jami'i da ya nemi a sakaya sunansa"? Wallahi Baba, sai da na dafe kai. Kullum muna faɗa, ban taɓa haɗa su ba. Wanda aka sakaya sunansa yana nan, ɗan jaridar ya san shi, mai sauraro ya san akwai shi, kuma ba wanda ya ce sakayawar alheri ce ko sharri sai an ji dalili. Sharuɗɗan nan biyu duk ta cika.

Baba bai tsaya nan ba, ya ce in tuna da ƙofa. Idan uwar gida ta ce wa yaro sakaya mini ƙofar nan, ba ta ce ya sa kwaɗo ba. A jawo ta ne kawai ta kare idon mai wucewa, ɗakin yana nan, kowa ya san akwai mutum a ciki. Wannan ya warware mini wata matsalar da ban ma tambaya ba, wato bambancin redacted da sealed. Takardun ƙarar da Giuffre ta shigar da Maxwell kotu ce ta kulle da yawa daga cikinsu, daga baya aka riƙa buɗe su kashi-kashi, har da waɗanda aka buɗe a Janairun 2024 bisa umarnin mai shari'a Loretta Preska. Waɗancan kullewa aka yi, waɗannan sakayawa. Har abin dariyar da ya faru a Disamban 2025 ya shiga cikin misalin: mutane sun gano cewa a wasu takardun, in ka kwafi wurin da aka rufe ka liƙa a wani shafin, rubutun da ke ƙasa fitowa yake tas, don baƙin a sama kawai aka ɗora shi. An sakaya ƙofa ba a sa sakata ba, yara suka tura.

Wani malamin Hausa daga Zariya ya kawo ƙorafi mai ƙarfi, ba zan tsallake shi ba. Ya ce sakaya zance a wurinmu shi ne a faɗi magana a lulluɓe yadda mai hankali zai gane, kamar habaici, to wanda ya ji "sakayayyun takardu" zai iya zaton an rubuta su ne da zaurance. Ya ƙara da cewa me za a ce da takardar nan mai shafi 119 ta masu taimaka wa kotu tantance tuhuma a New York, wadda aka saki ranar 19 ga Disamba baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe, ko harafi ɗaya babu? Wannan ai ya wuce jawo ƙofa, an toshe ta da bulo ne.

Allah ya gafarta Malam, na karɓi rabin maganarka. A kan na farko, maganin shi ne kada mu bar kalmar ita kaɗai. Mu riƙa faɗin abin da aka sakaya: an sakaya sunaye, an sakaya fuskoki a hotuna, an sakaya adireshi. Da zarar an ambaci abin, zancen habaici ya kau. Kuma wannan ya fi Turancin ma amfani, don yana tilasta wa mai fassara ya je ya duba mene ne aka rufe, maimakon ya fake da kalma ɗaya. A kan na biyu kuwa ka yi gaskiya, kuma nan ne "shafewa" ta sami wurin zama. Idan shafi ne sukutum, sai mu ce an shafe shi da baƙi. "Yaɓewa" tana da daɗi a baki amma ta fi dacewa da hira a majalisa, ba zan karanta ta a labaran ƙarfe bakwai ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu buga rubutu da sauri: sakaya daban, sakayya daban, "y" ɗaya ce tsakaninsu. Matan nan da aka zalunta sakayya suke nema shekara da shekaru. A sakin da aka yi ranar 30 ga Janairun 2026, mai shafi sama da miliyan 3, lauyoyinsu sun koka cewa an bar sunayen wasunsu a fili, wato ko sakayawar da doka ta ba su ba su samu cikakkiya ba. Kada kuskuren yatsa ya sa mu rubuta cewa an yi musu sakayya.

Wasu sun tambayi kishiyarta, wato unredacted. Ni "wadda ba a sakaya komai a cikinta ba" ta ishe ni, ko "cikakkiyar takarda". In daga baya aka cire baƙin, an yaye. Masu tambayar files kuma, "takardun Epstein" muke cewa a wurinmu, ko da yake akwai hotuna da bidiyo a ciki. "Kundi" zai sa a zaci littafi ɗaya ne mai jerin sunayen masu laifi, alhali tarkace ne iri-iri, kuma fitowar sunan mutum a ciki ba ita ce shaidar laifi ba. Wani gaisuwa kawai ya aika, wani kuwa abin da ya rubuta ya ci kujerarsa, kamar Peter Mandelson da Birtaniya ta sauke daga jakadancinta a Amurka a Satumban 2025 bayan an ga saƙonnin goyon bayan da ya riƙa aika wa Epstein.

Ga yadda na gyara jimlar, edita kuma ya bar ta ta wuce ba jan biro: "Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta saki ƙarin takardun Epstein, amma ta sakaya sunaye da dama, wasu shafukan kuma ta shafe su da baƙi gaba ɗaya."

Saura abu ɗaya da ba mu daidaita ba, sunan shi kansa baƙin layin. An kawo "takunkumi", na ce korona da siyasar duniya sun riga sun cinye ta. An kawo "tabo", amma tabo ba da gangan ake yin sa ba. Baba ya sake aiko da murya ya ce tunda mun shiga ta ƙofa mu ƙarasa, a kira shi "labule". Malam na Zariya ya ce labule iska na ɗaga shi, shi bai yarda ba. Ni dai na rubuta "baƙin labule" da fensir a gefen littafina, zan gwada shi a labaran gobe in ji ko masu kiran waya za su yi mini ca.